Sulken Wayar Sauti da Iyakar Amfaninsa: Nazari a kan Gurnanin Lasifika a Gidajen Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin bayani a kan wata matsala wadda kusan duk mai kayan sauti a gida ya san ta da kunne, ko da bai san dalilinta ba. Matsalar kuwa ita ce gurnanin nan da lasifika take yi da zarar an kunna amfilifaya, tun kafin a sa waƙa ko karatu ko labarai. Abin da aka saba gaya wa mai kaya idan ya kai kuka wurin mai gyara shi ne, wayarsa ce ba ta da kyau, ya je ya sayo mai tsada. Wani sa'in a dace, wani sa'in kuwa a dawo daga kasuwa da sabuwar waya, a tarar gurnani yana nan inda aka bar shi. Abin da muke so mu nuna shi ne, rigar ƙarfen nan da ake yi wa wayar sauti aiki guda ɗaya ta iya sosai, alhali kuwa hayaniyar lantarki ƙofofi uku take da su na shiga. Wanda bai gane ta wace ƙofa ta shigo ba, zai yi ta kashe kuɗinsa wajen ƙara sakata a ƙofar da take a rufe tun farko.

Mun ɗauki Gwarzo da Kabo su zama fagen bayaninmu. Suna yamma da birnin Kano, inda hanyar da ta tashi daga birni ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, ta isa Gwarzo a kimanin kilomita 70, sa'an nan ta wuce zuwa Dayi cikin Jihar Katsina. Dalilin zaɓen su shi ne, a irin waɗannan garuruwa gida ɗaya yakan sha lantarki daga wurare uku a yini guda: wutar gari, da ƙaramin janareta, da kuma batir da sola ta hanyar inbata. Wutar gari har gobe jama'a suna kiranta wutar NEPA, ko da yake hukumar nan da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Littattafan fasaha da ake kawo mana daga waje galibi suna ɗauka cewa wuta iri ɗaya ce kullum, kuma kowane soket yana da wayar ƙasa mai aiki. Malamin da ya ɗauki wannan zato ya shiga aji da shi a Gwarzo, ɗalibansa za su haddace darasi, amma ba za su iya gyara rediyon gidansu ba.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Rigar ƙarfen da ta lulluɓe wayar sauti za mu kira ta sulke, domin duk wanda ya feɗe irin wannan waya ya ga saƙar siraran zaren jan ƙarfe, zai tuna da sulken da mahaya suke sawa a hawan sallah. Kamannin ya zo ɗaya, aikin ma ya zo ɗaya. Kalma ta biyu ita ce huci. Kamar yadda wanda ya zauna kusa da murhu yake jin hucin wuta ba tare da ya taɓa garwashi ba, haka wayar da take kusa da wayar lantarki take samun tasirinta ba tare da sun haɗu ba. Masana kimiyya fili suke ce wa wannan tasiri, amma mun ga huci ya fi kusa da abin da Bahaushe zai gane.

2.0 Raunin Wayar Sauti

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman matsalar. Wutar da take cikin soket a Nijeriya kimanin bolt 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a cikin sakan ɗaya, watau haz 50. Saƙon da makirufo yake aikawa idan mutum yana magana bai wuce milibolt 2 ko kusa da haka ba, milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Ke nan wutar da take gudu a jikin bango ta fi saƙon makirufo ƙarfi fiye da sau 100,000. Saƙon da yake fitowa daga dikoda ko na'urar faifai ya ɗan fi haka, domin ma'auninsa kimanin milibolt 316 ne, amma duk da haka wutar bango ta ninka shi fiye da sau 700.

To, aikin amfilifaya shi ne ta ɗauki wannan ɗan mitsitsin saƙo ta girmama shi. Amfilifaya mai wat 100 da take tura lasifika mai om 8 tana fitar da kimanin bolt 28. Daga milibolt 2 zuwa bolt 28 ninki 14,000 ke nan. Amfilifaya kuwa ba ta da hankalin da za ta bambanta muryar mai karatu da hucin wutar bango. Duk abin da ya iso bakin ƙofarta, ninki ɗaya za ta yi masa.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa wayar da ta tashi daga amfilifaya zuwa lasifika ba ta bukatar sulke. Saƙon da take ɗauke da shi ya riga ya girma, kuma babu wani ninki a gabansa. Abin da take bukata shi ne kauri. Wanda ya ɗauki siririyar waya mai sulke ya ja ta zuwa lasifika, ya yi asarar kuɗi, ya kuma rage wa sautinsa ƙarfi.

3.0 Ƙofa ta Farko: Hucin Ƙarfin Lantarki

Duk wayar da take da wuta a jikinta tana da huci a kewayenta, ko da babu abin da aka kunna. Idan tsirarar wayar sauti ta bi ta kusa, sai ita ma ta riƙa rawa daidai da rawar wutar, sau 50 a sakan. Kowa yana iya gwada wannan: a taɓa tsinin filogin da yake shiga amfilifaya da yatsa, nan take lasifika za ta yi ruri. Jikin mutum ne ya tattaro hucin ɗakin ya zuba a ƙofar amfilifaya.

Wannan ita ce ƙofar da sulke ya iya tsarewa. A 1836 Michael Faraday, a birnin Landan, ya gina wani ɗaki ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya nuna cewa komai yawan lantarkin da aka zuba a bayansa, ba a jin komai a cikinsa. A 1880 kuma Oliver Heaviside ya yi rajistar wayar da take da zare guda a tsakiya, da rigar ƙarfe a kewaye, wadda ita ce kakar wayar eriya da wayar sauti ta yau. Hucin yakan faɗa a kan sulke, sulke kuma ya kai shi jikin akwatin na'ura, zaren tsakiya ya tsira. Sharaɗin dai shi ne sulken ya kasance a haɗe da jikin na'urar. Sulken da ya tsinke a gindin filogi ya zama eriya, gara ma babu shi. Wannan tsinkewa ita ce ta fi yawa a gidaje, domin a wurin ne waya take lanƙwasa kullum idan an fizge ta, ga kuma ƙurar hunturu da tsatsar damina da suke cin bakin filogi. Maganinta kuwa ɗan ɗigon dalma ne.

Sulke iri uku ne a kasuwa. Akwai saƙaƙƙe, wanda yake rufe kashi 70 zuwa 95 cikin ɗari na jikin waya, shi ne kuma ya fi jure wahala. Akwai naɗaɗɗe, wanda aka murɗa zaren a kewaye ba tare da saƙa ba. Yana da laushi, amma idan waya ta sha lanƙwasa sai ya buɗe. Akwai kuma na takardar alminiyam, wanda yake rufe jikin waya baki ɗaya, amma yana yagewa da wuri, saboda haka ya fi dacewa da wayar da za a kafe a bango a bar ta. Mai makirufo da yake naɗe wayarsa kullum bayan taro, saƙaƙƙe ya kamata ya nema.

A nan ne maganar mai gyara take da gaskiya, kuma ba mu raina ta ba. Yawancin wayoyin ja da fari da ake sarowa daga birni, daga Sabon Gari da makamantanta, ana kai su shagunan ƙauye, kaurinsu roba ce kawai. Idan aka feɗe wasu sai a tarar da 'yan zare ƙalilan a kwance a gefe, babu abin da suka lulluɓe. Wasu kuma zaren ba jan ƙarfe ba ne, baƙin ƙarfe ne ko alminiyam da aka yi wa wankan ja. Gwajin bai da wuya: maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe amma ba ya kama jan ƙarfe, alminiyam kuwa idan aka kankare shi da reza sai farinsa ya fito. Sai dai kuma da zarar an sami waya mai sulken jan ƙarfe na gaskiya, to, magana ta ƙare a wannan ƙofa. Filogi mai ruwan zinariya da kwali mai ƙyalli ba su ƙara komai a kan gurnani.

4.0 Ƙofa ta Biyu: Hucin Maganaɗisu

Idan lantarki yana gudu a cikin waya, watau an kunna wani abu yana jan wuta, sai wani huci na daban ya taso, irin na maganaɗisu. Ya fi ƙarfi a kusa da duk abin da yake da naɗin waya a cikinsa: taransifoma, da fanka, da injin firji, da sitabilaiza. Shi wannan huci ba ya ganin sulken jan ƙarfe da gashi. A haz 50, sai an tara jan ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 9 kafin a rage ƙarfinsa zuwa kusan sulusi. Sulken wayar sauti kuwa bai kai kaurin farce ba. Ratsa shi yake yi kamar iska ta ratsa zana.

Wannan batu ya shafi Gwarzo da Kabo ƙwarai, saboda wata al'ada da raunin wuta ya haifar. Duk inda wuta take zuwa a raunane, mai kayan sauti yakan sayi sitabilaiza don ya kare dukiyarsa, kuma wannan daidai ne. To, amma a ina ake ajiye ta? Galibi a cikin kabad ɗaya da amfilifaya, wani lokaci ma a ɗora ɗaya a kan ɗaya, sa'an nan a tattara rarar wayoyi duka, na wuta da na sauti, a naɗe su a ɗaure da kyauron roba don ɗaki ya yi kyau. Sitabilaiza kuwa babbar taransifoma ce a cikin akwati. Uwargida ta gyara ɗaki, maigida ya kare kayansa, amma su biyun sun haɗu sun gina wa gurnani gida.

Maganin farko kyauta ne, watau nisa. Hucin wayar wuta mai zare biyu yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da aka ninka nisa, na taransifoma kuwa ya fi haka saurin raguwa. Matsar da sitabilaiza taku ɗaya ko biyu yakan yi abin da wayar dubban nairori ba ta yi ba. Idan kuma tilas ne wayar sauti ta haɗu da ta wuta, to, su gitta juna kamar mararraba, kada su jera kamar layin dogo.

Magani na biyu shi ne murɗa. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa zare biyu na wayar tarho kamar igiya. Hikimar ita ce, abin da huci ya zuba a murɗi na farko, sai ya zuba kishiyarsa a murɗi na biyu, su kashe juna. Daga nan aka sami abin da za mu kira waya mai ma'auni, wadda take da zare biyu murɗaɗɗu a cikin sulke, da filogi mai ƙafa uku irin wanda ake gani a gindin makirufo mai kyau, wanda ake kira XLR. Ƙafa ta 1 ta sulke ce, ta 2 da ta 3 su ne na saƙo. Na'urar da take karɓa ba ta duba abin da yake kan kowane zare shi kaɗai, bambancin da yake tsakaninsu take dubawa. Tun da hayaniya ta faɗa wa zaren biyu daidai wa daida, sai ta ɓace a wajen ɗebewa, kamar yadda dutse ɗaya a kowane kwano na sikeli ba ya motsa allura. Wannan ne ya sa ake iya jan wayar makirufo mita 50 a filin wa'azi ko walimar Islamiyya ba tare da gurnani ba, alhali wayar ja da fari ba a so ta wuce 'yan mitoci.

5.0 Ƙofa ta Uku: Sulken Kansa

Wannan ita ce ƙofar da ta fi rikitarwa, kuma a ganinmu ita ce ta fi cancantar lokacin aji, domin a nan mai gadi ne da kansa yake shigo da ɓarawo.

A wayar gida ta ja da fari, sulke aiki biyu yake yi. Shi ne riga, shi ne kuma hanyar da saƙo yake komawa. Saboda haka duk wani baƙon lantarki da ya bi ta jikin sulke, amfilifaya za ta ɗauke shi tamkar saƙo. Ta ina baƙon lantarki zai fito? Daga bambancin da yake tsakanin jikin na'urori biyu da wayar ta haɗa. Alal misali, an jona talabijin da dikoda a soket na gabas, an jona amfilifaya a soket na yamma, kowanne da tasa hanyar zuwa ƙasa. Ko kuma wayar da ta sauko daga farantin tauraron ɗan Adam tana taɓa kwanon rufi ko turken ƙarfe a waje. Da zarar an haɗa su da wayar sauti an rufe da'ira, lantarki kuma sai ya fara zagaye ta cikin sulke.

Bari mu yi lissafi. A ce juriyar sulken kashi ɗaya cikin goma na om ce, kuma lantarkin da yake zagayawa miliamfiya 100 ne. Idan aka ninka su za a sami milibolt 10. Saƙon dikoda kuwa mun ce milibolt 316 ne. Ke nan gurnani ya kai kusan kashi ɗaya cikin talatin na sautin da ake saurare, kuma wannan ko kurma ya kusa jin sa. A lura, a nan yawan rufin sulke bai shiga lissafi ba ko kaɗan. Abin da ya shiga shi ne juriyarsa, watau gajartar waya da kaurin jan ƙarfenta.

Akwai wani nau'i na wannan matsala a gidajen da aka ja musu zare biyu kawai, babu wayar ƙasa, irin su kuwa ba su da wuyar samu a tsofaffin unguwanni da ƙauyuka. Na'urorin zamani, kamar talabijin mai faɗi da cajar kwamfuta da ta wayar hannu, suna da ɗan yoyo na wuta da yake taruwa a jikinsu. Yoyon kaɗan ne, amma shi ne ɗan cizon nan da mutum yake ji idan ya taɓa bayan dikoda ba takalmi. Idan aka haɗa irin wannan na'ura da amfilifaya, yoyon ba shi da hanya sai sulke. Shi ya sa wayar hannu take ba da sauti garau ta amfilifaya, amma da an sa ta a caji sai ƙara ta tashi.

Magungunan wannan ƙofa ba su da tsada. Na farko, a jona duk kayan sauti da na kallo a kan ekstenshin guda mai kyau, daga soket guda. Na biyu, a gajarta wayoyi. Na uku, idan abin ya ƙi, a sa 'yar ƙaramar taransifomar sauti a tsakani, wadda take wuce da saƙo ta hanyar maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Idan na'urorin suna da ƙofar wayar haske, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983, to, ita ta fi duka, domin zaren roba ne da haske yake bi, lantarki ba shi da wurin taka ƙafa. Bluetooth ma ya yanke wannan da'ira. Dabarar nan ta sake sulke a gefe ɗaya, wadda wasu masu gyara suka ji labarinta, a waya mai ma'auni kaɗai take aiki. Wanda ya yanke sulken wayar ja da fari ya yanke hanyar saƙo ne.

Akwai kuma wani magani da yake aiki nan take, wanda muke roƙon malamai su yaƙe shi a aji da wajen aji, watau karya doguwar ƙafar filogi mai ƙafa uku, ko cire wayar ƙasa daga amfilifaya. Lalle gurnani yakan ɗauke, domin an yanke da'ira. Amma wayar nan an sa ta ne domin ranar da wuta za ta taɓa jikin akwati, ta kwashe ta zuwa ƙasa har fis ya ƙone. Idan babu ita, wutar za ta tsaya a jikin akwati, daga nan ta bi sulke, sulke kuwa a haɗe yake da jikin makirufo. Sai a duba wanda yake riƙe da makirufon: mai kiran salla da ya fito daga alwala, hannu da danshi, ƙafa ba takalmi, ko yarinya a wurin biki tana tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti. Abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya.

6.0 Gane Mai Laifi da Kunne

Kowace hayaniya tana da muryarta, kuma mai gyaran da ya horar da kunnensa ya rage wa kansa rabin aiki.

Gurnani mai kauri, santsi, wanda ba ya canzawa, na haz 50 ne, kuma ya fi nuni ga maganaɗisu ko da'irar sulke. Idan ana kan janareta sai a ƙara saurarawa. Ƙaramin janareta sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da haz 50, saboda haka da an jona dutsen guga ko firji ya tashi, injin ya ɗan nauyaya, muryar gurnanin ma sai ta sauka tare da shi. Idan kuwa ƙara ce tas-tas-tas mai bin saurin inji, wannan tartsatsin fulogin janareta ne ko na babur, yana zuwa ta iska kamar tashar rediyo. Na mai walda ya fi kaushi, kuma yana ɗaukewa da zarar ya ɗaga hannu.

Ƙara mai kaifi kamar ta zarto, wadda ba a jin ta a wutar gari sai an koma batir, ta inbata ce. Inbata mai araha ba ta fitar da wuta mai lanƙwasa a hankali irin ta gari, tsalle-tsalle take yi kamar matakala, kuma kowane tsalle yana haifar da ninki-ninkin 50, kamar 150 da 250 da 350. Kunnen ɗan Adam ya fi jin waɗannan a kan 50 ɗin kanta, ƙananan lasifikoki ma su suka fi iya fitarwa. Ita wannan ta wayar wuta take shiga, don haka babu sulken da zai hana ta. Haka kuma gurnanin da ya ɗan fi na 50 siranta, watau na haz 100, wanda yake nan ko an zare duk wayoyin shiga an kuma mai da boliyum ƙasa, ciwon cikin amfilifaya ne. Manyan kwandansocinta ne suka bushe. Ƙa'idar da masu ƙera su suke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu, mu kuwa mun san abin da ɗaki mai rufin kwano yake zama a watan Afrilu.

Sai kuma ƙarar nan ta dit-dididit da take riga kiran waya shigowa, wadda muka fara ji bayan zuwan wayar hannu a 2001. Tsohon tsarin 2G yana aika saƙonsa a gutsure, kimanin sau 217 a sakan, kuma wannan adadi yana cikin abin da kunne yake ji. An fi jin ta inda sabis yake da rauni, domin a nan ne waya take ƙara ƙarfin kiranta ga turken sadarwa. Tsawon zangon wannan saƙo kimanin santimita 33 ne kawai, saboda haka ɗan guntun zaren da mai gyara ya bari tsirara a cikin filogi ya isa ya zama eriya. A 1995 wani injiniya mai suna Neil Muncy ya nuna cewa na'urori da yawa su suke jawo wa kansu, domin maimakon a haɗa sulke da jikin akwati tun a bakin ƙofa, sai a bar shi ya shiga har cikin allon na'ura da duk dattin da ya kwaso. Ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta mai da gyaran wannan ya zama ƙa'ida a 2005.

Tsarin bincike kuwa daga ƙarshe ake faro shi. A zare komai daga amfilifaya a bar ta da lasifika kaɗai. Idan ta yi shiru, ba ta da laifi. Sai a riƙa mai da wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda ta ta da gurnani. A ɗaga wannan waya a matsar da ita: idan ƙarar ta canza da motsi, huci ne, a duba sulke da nisa. Idan ba ta canza ba, sai a zare wayar farantin tauraro ko caja a saurara. Ɗalibin ajin fasaha na ƙaramar sakandare yana iya yin wannan duka ba tare da mita ba, kuma muna ganin ɗaliban kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da take Bichi, ya kamata kowannensu ya yi shi da hannunsa kafin ya fita koyarwa.

7.0 Turken Ƙasa a Lokacin Rani

Saura batu ɗaya da ya keɓanta da yanayin ƙasarmu. Wasu sukan kafa ɗan rodi a bayan ɗaki, su ja waya zuwa jikin amfilifaya, da zaton ƙasa tana shanye hayaniya kamar yadda take shanye ruwa. A gidan da ba shi da wayar ƙasa ko kaɗan, wannan yakan kashe ɗan cizon nan na yoyo. Amma a gidan da yake da turkensa tun asali, ƙara wani na daban domin kayan sauti kaɗai buɗe sabuwar da'ira ne, kuma haɗari ne idan aka yi tsawa. Turaku in sun yi yawa, haɗa su ake yi wuri guda.

Har ila yau, turke ba ya aiki sai da danshi. Daga watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke, ƙasar jigawa ta yammacin Kano takan bushe daga sama zuwa ƙasa, gajeren rodin da ya yi aiki a watan Agusta kuwa kafin Maris yana tsaye ne a cikin busasshen rairayi. A ce juriyarsa ta kai om 100. Idan bolt 230 ta taɓa jikin akwati, abin da zai bi turken amfiya 2.3 ne kacal, fis ɗin filogi kuwa na amfiya 13 ne, ba zai ko yi ɗumi ba. Akwatin zai ci gaba da riƙe wuta, mai gida yana zaton ya yi rigakafi. Saboda haka turke yana bukatar tsawo, a kafa shi inda ƙasa take riƙe laima, kamar kusa da makwararar ruwan wanka, sa'an nan a haɗa masa da na'urar nan mai katse wuta idan ta ji yoyo, wadda ake sawa a allon fis na gida. Ita tana yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta kauce hanya, kuma tana da maɓallin gwaji a fuskarta, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci lokaci, musamman a tsakiyar rani.